Tambaya da Amsa: Mai Aikin Kansa da Kuɗin Rashin Aiki a Amurka

Wasiƙun wannan mako sun zo ne daga masu karatunmu mazauna Amurka, galibinsu masu tuƙa mota da kai saƙo ta manhajar waya. Mun zaɓi guda huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ina tuƙa mota ta manhaja, kuma ban taɓa tsallake biyan haraji ba. Kamfanin ya rufe asusuna na manhajar, na nemi kuɗin rashin aiki, sai aka aiko mini takarda cewa albashina sifili ne. To ina harajina ya tafi? *Daga wani direba.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Harajin da ka biya daban, asusun rashin aiki daban. Mai aikin kansa yana biyan kashi 15.3 cikin ɗari na ribarsa: 12.4 na fanshon gwamnatin tarayya, 2.9 na inshorar lafiyar tsofaffi wato Medicare. Ko senti ɗaya daga ciki ba ya shiga asusun rashin aiki. Wancan asusu, tun dokar 1935 da ta kafa shi, masu ɗaukar ma'aikata ne ke cika shi. Suna biyan harajin jiha, da na tarayya wanda yawanci yake kamawa dala 42 a shekara kan kowane ma'aikaci. A jihohi uku ne kawai ake cire wani abu daga albashin ma'aikaci ma: Alaska, New Jersey da Pennsylvania.

Duba takardar da kamfani ke ba ka a farkon shekara. Idan W-2 ce, an ɗauke ka ma'aikaci, an biya maka. Idan 1099 ce, an ɗauke ka ɗan kwangila, ba a kai sunanka ofishin jiha ba. Shi ya sa kwamfutarsu ta ga sifili.

Amma kada ka naɗe tabarma tukuna. Sunan da kamfani ya laƙaba maka ba shi ne hukunci ba, ko da ka sa hannu a yarjejeniyar da ta kira ka ɗan kwangila. Jiha ce ke yanke wannan, kuma kowace da ma'auninta. Wasu, irin su New Jersey, suna amfani da gwajin ABC, wanda ke ɗaukar ka ma'aikaci sai kamfani ya tabbatar da abu uku gaba ɗaya: ba ya juya yadda kake aikin, aikin ba ya cikin ainihin sana'ar kamfanin ko wuraren kasuwancinsa, kuma kana da sana'arka mai cin gashin kanta. Ɗaya ya faɗi, kamfani ya faɗi. Wasu jihohin kuwa suna auna yawan ikon da kamfani ke da shi a kanka ne kawai, kuma nan ya fi wuyar ci.

An sha yin nasara. A Maris 2020 kotun ƙoli ta jihar New York ta yanke cewa mai kai saƙo na kamfanin Postmates ma'aikaci ne a fannin kuɗin rashin aiki. A 2022 Uber ya biya New Jersey dala miliyan 100 kan bashin harajin wannan asusu. A California kuma akasin haka aka samu: masu zaɓe sun amince da ƙudiri na 22 a Nuwamba 2020, wanda ya bar direbobin manhaja a matsayin 'yan kwangila, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da shi a 2024. Ba ka faɗa mana jiharka ba, alhali rabin amsar a can take.

Abin yi shi ne ka koma kan takardar nan mai sifili ka nemo ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara. Wa'adin yakan kasance kwana 10 zuwa 30, kuma yawanci daga ranar da aka aika takardar ake ƙirgawa, ba ranar da ka buɗe ta ba. A nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a saurare su ba. Ka rubuta cewa kana neman a sake duba albashinka domin an sa ka a rukunin da ba naka ba. Ka haɗa takardun 1099, bayanan banki, da duk abin da ke nuna wa ke da iko: wa ke yanka farashi, ana hukunta ka in ka ƙi karɓar fasinja, kana iya turo wani ya yi a madadinka? Saƙon rufe asusun ma hujja ce, domin za a tambayi dalilin rabuwarku, kuma wanda aka sallama saboda laifin da aka tabbatar ba ya samun kuɗin.

Sannan ka ci gaba da cike rahoton mako-mako duk tsawon shari'ar, ko da ba a biyan ka komai. In ka ci, makonnin da ka cike kawai za a biya. Ga sauran direbobi kuma, ku riƙa sauke bayanan kuɗinku daga manhaja duk wata, tun ƙofa na buɗe.

Tambaya: Lokacin korona maƙwabcina mai aski ya karɓi kuɗi, shi ma aikin kansa yake yi. Ta ina ake cike wannan? *Daga wani mai gyaran waya.*

Amsa: Malam, wannan kasuwa ta watse. Shirin PUA ne, wanda dokar CARES ta ranar 27 ga Maris 2020 ta kawo domin masu aikin kansu. Ya fara da makonni 39, aka yi ta ƙarawa har 79, ya ƙare a farkon Satumba 2021. Duk wanda ya aiko maka saƙo yau cewa zai cike maka PUA in ka ba shi lambar shaidarka, ɗan damfara ne.

Tambaya: An rage ma'aikata a inda nake aikin albashi, an sallame ni. Dama ina kai saƙon abinci a ƙarshen mako. Wata ƙawata ta ce in yi shiru da wannan, in ba haka ba za a hana ni. Gaskiya ne? *Daga wata mai karatu.*

Amsa: Malama, ƙawarki na son ki da alheri, amma shawararta rami ce. Haƙƙinki ya rataya ne kan albashin W-2 da kika samu a lokacin da ake aunawa, wanda a mafi yawan jihohi shi ne rubu'i huɗu na farko cikin rubu'i biyar na shekara da suka cika kafin ki nema. Ma'ana, in kin nema a watan Mayu, za a duba Janairu zuwa Disamba na bara. In albashin bai kai ba, ki tambaya ko jiharki na duba watannin baya-bayan nan, da yawa suna yi.

Aikin gefe ba ya soke wannan haƙƙi, rage kuɗin makon yake yi. Mu ƙaddara ana ba ki dala 400 a mako, jiharki kuma na yafe dala 100 ta farko. Kika samu 160 a kai saƙo, za a cire 60, ki karɓi 340. Lissafin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, wasu ma awoyin aiki suke ƙirgawa.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, a bayyana kuɗin a makon da ya shigo banki, alhali yawancin jihohi makon da aka yi aikin suke so. Na biyu, a cire kuɗin mai da gyaran mota ba tare da an tambaya ba. Ki kira ofishin ki ji ko jimilla suke so ko riba, ki rubuta rana da amsar da aka ba ki. Wanda aka kama ya ɓoye da gangan zai mayar da kuɗin, da tarar da ba ta gaza kashi 15 cikin ɗari ba, wani lokaci har da kotu.

Ki kula kuma kada kai saƙon ya cinye ranakunki. Sharaɗi ne ki kasance a shirye ki karɓi aiki, kina kuma nema. Galibin jihohi makonni 26 suke biya, wasu ƙasa da haka sosai. Kuɗin rashin aikin kansa ana biya masa harajin tarayya, takardar 1099-G mai nuna abin da aka biya ki za ta zo miki.

Tambaya: Guguwa ta lalata shagona, ni kaɗai ke aiki a ciki. Akwai abin da zan samu? *Daga wani Alhaji mai shago.*

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Akwai shirin DUA, tallafin rashin aiki na lokacin bala'i, kuma ya haɗa da masu aikin kansu. Sai dai ba ya buɗewa sai shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i, an kuma sa gundumarka cikin waɗanda za a tallafa wa mutanensu. A ofishin rashin aiki na jiha ake nema. Za su fara duba ka a tsarin yau da kullum, in sun ga ba ka cancanta ba sai su mayar da kai DUA, don haka takardar ƙin farko kada ta karya maka gwiwa. Yana iya kaiwa makonni 26.

Kana da kwana 21 daga ranar nema ka kai shaidar cewa kana sana'ar lokacin da abin ya faru: lasisin shago, bayanan banki, da takardar harajin shekarar da ta gabata. A kan ribar da ka bayyana a harajin ake lissafa kuɗinka, ba a kan cinikin shago ba, shi ya sa wanda ya nuna riba kaɗan yakan tsinci kansa a mafi ƙarancin kaso. In ruwa ya ci takardunka, hukumar haraji ta IRS na ba da kwafin bayanan harajinka kyauta ta intanet.