Hukuncin Tsokanar 'Yan Gida Da Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nakan tsokani ƙannena da kwamfuta: in liƙa salatif a ƙarƙashin linzamin kwamfuta (mouse) ya ƙi motsi, ko in kifar da allon, sama ta koma ƙasa. Kwanaki na sa wa yayata wani hoto mai nuna kamar kwamfutarta ta lalace. Har sai da ta yi kuka, don aikin makarantarta yana ciki, daga baya muka yi dariya. Babu abin da ya ɓace. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Raha da iyali halal ce, kuma Annabi (SAW) ya yi ta. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi ya zo ta bayan wani sahabi mai suna Zahir a kasuwa ya rungume shi, Zahir bai ga ko wane ne ba, yana cewa a sake shi, sai da ya waiga. Ka ga ke nan ba-zata kaɗai ba ta haramta wasa. Salatif da kifar da allo suna cikin wannan babin, muddin ƙannen naka suna jin daɗi, ka gyara nan take, kuma ba lokacin da suke tsakiyar aiki ba ne.

Abin da ka yi wa yayarka dabam ne, kuma bai halatta ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya tare da Annabi (SAW), ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke igiyarsa, ya farka a firgice. Sai Annabi ya ce: "Bai halatta ga Musulmi ya tsoratar da Musulmi ba." Duba da kyau, igiya ce kawai, da wasa aka ɗauka, ba ta kuma ɓace ba, amma hukuncin ya rataya a kan firgitar. Don haka cewar da ka yi babu abin da ya ɓace ba hujja ba ce. Hawayenta shi ne abin dubawa. Mutane da yawa suna kuskure a nan, mai tsokana ya riƙa yanke wa kansa hukuncin cewa wasansa ba ya cutarwa, alhali wanda aka yi wa shi ya san abin da zuciyarsa ta ji. Dariyar da ta yi daga baya ma, wataƙila ta kunya ce.

Sannan hoton nan ƙarya ce da aka shirya don a yi dariya, Annabi kuwa ya ce bone ya tabbata ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Shi Annabi ko cikin raha gaskiya yake faɗa.

Idan kuma sai ka buɗe na'urar wani ba da izininsa ba, ka ga saƙonninsa ko hotunansa, ka shiga bin diddigin da aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana. Iyaye kuwa kada ka soma da su, sai fa wanda ka tabbata zai faranta musu.

Ka je ka nemi afuwar yayarka, ka yi istigfari, kada ka sake. Wallahu a'alam.