Hannun jarin ƙaramin kamfani: ku bincika kafin ku ƙirga kuɗi

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Zariya ya rubuto: "Na tara jika 500 a cinikin aya. Abokina ya turo mini tallar wani ƙaramin kamfani ta WhatsApp, wai hannun jarinsa zai ninka kafin sallah. In saya?"

Alhaji, dakata. Kai da ba ka karɓar buhun aya sai ka kwance baki ka zura hannu har gindi, ko an yi masa ciko da tsakuwa, yau hoto a waya ne zai raba ka da jika 500?

Fara da tambayar abokin naka: a wace kasuwa ake sayar da hannun jarin? Ƙasashenmu takwas masu sefa kasuwa ɗaya gare su, BRVM, wadda ke Abijan, ta fara aiki a 1998. Sunayen kamfanonin cikinta a bayyane suke, bankin BOA Niger ma na ciki. Ba a saye kuma sai ta hannun dillalan da ake kira SGI, masu lasisin AMF-UMOA, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar. In kamfanin na Najeriya ne, a neme shi a kasuwar NGX ta Legas. Idan babu shi nan, babu shi can, kuma an ce ka tura kuɗin a lambar wayar wani, riƙe abinka.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun ga MMM a Najeriya, wani shafin zuba kuɗi mai alkawarin riba mai tsoka, a Disamban 2016 aka rufe wa mutane kuɗinsu. Wata irinta mai suna CBEX ta sake yin haka a 2025. Dabarar ba ta canza ba: kuɗin sabon shiga ake biyan na tsoho da shi, sai tsohon ya zagaya majalisa yana nuna saƙon banki, ƴan uwa su bi shi. Da idona na ga dattijo a bakin babbar kasuwa yana ta latsa waya, shafin ya ƙi buɗewa, kuɗin auren ɗiyarsa na ciki. Wanda duk ya yanka maka riba tun ba a yi ciniki ba, ƙarya yake yi.

Ko da kamfanin na gaskiya ne, da sauran aiki. Nemi rahotonsa na shekaru uku. Me yake sayarwa, wa ke saye? Riba yake ci ko bashi ke ɗauke da shi? Ya taɓa raba wa masu hannun jari riba? In ba ka iya karanta lissafin, biya akanta ya duba maka, ya fi asara sauƙi. Ka kuma duba yawan cinikinsa a rana, don ƙaramin kamfani kan yini ba mai saye, ranar da buƙata ta taso sai ka karya farashi.

Wata malamar makaranta daga Tibiri ta ce jika 50 kawai gare ta, tsoron asara har yana hana ta barci.

Malama, kwantar da hankalinki, tsoron nan alheri ne gare ki. In kuɗin cefane ne ko na makarantar yara, bar su inda suke. In rara ce, fara da babban kamfanin da ya saba rabon riba, ki tambayi dillali ladansa kafin ki sa hannu a takarda.

Wani saurayi ya ce zai zaɓi wanda ya fi arha don ya samu da yawa.

Haba ɗan samari! Akuyar jika biyar a kasuwar dabbobi, ba sai ka duba bakinta da ƙafafunta ba? Sau da yawa kamfanin ne ke ciwo shi ya sa farashin ya faɗi. Karanta amsar Alhaji daga farko.

Ga mai tambayar ko halal ne: gano sana'ar kamfanin da irin bashin da ke kansa, sannan ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki.