Ka rubuta yadda ka sami na'ura kafin ka taɓa ta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an sa ka fitar da yawan lalacewar bawul-bawul ɗinku na shekara biyar, ka buɗe takardun aiki ba ka tarar da komai ba sai "an gyara". Wallahi abin nan ya taɓa hana ni barci.

A inda na yi aiki akwai na'urar da ke kashe famfo idan tanki ya cika. Takan maƙale. Na rubuta haka a takardar gwaji, oga ya ce in sake wata in sa "lafiya lau", wai masu bincike na tafe. Na sake. Daren da tankin ya tumbatsa, Allah ne kawai ya hana wuta tashi. Washegari a taro mutumin nan ya ɗaga takardar, ga sa hannuna, ya ce ai ni na tabbatar tana aiki. Ko kallona bai yi ba, alhali sahu ɗaya muka yi azahar. Ni aka ba takardar gargaɗi, har yau tana cikin fayil ɗina.

Irin haka ta faru a ma'ajiyar mai ta Buncefield, Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005. Gejin da ke nuna yawan man da ke cikin tanki ya maƙale sau 14 tun ƙarshen Agusta, ana ɗan taɓa shi ya tashi a wuce, na'urar kariya ta ƙarshe ita ma ba ta yi aiki ba.

Waɗancan shekaru biyar, kada ka cike su da ƙiyasi. Faɗa wa oganka bayanan ba su isa ba, ka fara daga yau. Lambar na'ura, halin da aka same ta, awannin da ta yi tana aiki, da kuma yadda aka gano matsalar: a gwaji ne, ko sai da aka buƙace ta ta ƙi? Bawul mai sakin matsi kuwa, kada ɗan kwangila ya wanke kafin ya gwada, in ba haka ba kullum zai ci jarrabawa. Ka nemi ISO 14224, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tattara bayanan lalacewa da gyaran na'urorin masana'antar mai, saboda rabe-raben lalacewa. Alkaluman OREDA, kundin bayanan lalacewar na'urori da kamfanonin mai suka tara, suna taimakawa, amma na'urorinsu ba su sha ƙurar hunturunmu ba.

Kuma don Allah ka riƙa ɗaukar hoton kowace takarda kafin ka miƙa ta. Duk wanda ya ce ka canza, ce masa ya turo maka a rubuce.