Zan iya buɗe kan injin 504 ɗin Baba a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifinmu. Tun da ta yi zafi a hanyar Illela cikin watan Afrilu take shan ruwa, farin hayaƙi na fita ta salansa, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara. Ina da ɗan hannu a gyara. Zan iya buɗe kan injin da kaina a gida? (Mai karatu daga Mabera, Sakkwato)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Za ka iya, domin 504 mota ce da aka ƙera don a gyara ta da sifana. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa har yau kayanta ba su ɓace a kasuwa ba. Alamun da ka lissafa na gasket ne da ya ƙone, wato abin toshin da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, kuma ba mamaki kan injin ya lanƙwashe, don shi alminiyam ne, gangar jikin injin kuwa baƙin ƙarfe, zafi ba ya buɗa su daidai.

Ga inda masu gyaran gida suke faɗawa rami. Fistan na 504 ba cikin jikin injin yake gudu kai tsaye ba, cikin silif yake, wato bututu huɗu da aka zura, ruwa na zagaye da su, kowanne zaune kan siririn abin toshi a gindinsa. Kan injin ne yake danne su. Da ka kwance kusoshi, kada ka fizge kan sama. Ka girgiza shi gefe da gefe har ya saki, sannan ka ɗaga. Da ya fita, ka danne silif ɗin da manyan washa da gajerun kusoshi, kuma kada kowa ya juya injin kafin nan, ko da tura motar ne tana cikin giya. Silif ɗaya ya motsa, ruwa zai riƙa zuba cikin mai ta ƙasa, ka sa sabon gasket goma ba zai tsaya ba. Aikin yini biyu ya koma sauke inji.

Sandunan da ke tura bawul, ka huda kwali ka jera su yadda ka ciro su, kowanne ya koma raminsa. Kuma ka yi aikin a ɗaki ko zaure. Ƙurar garin nan idan ta haɗu da mai, takardar yashi ce.

Ka wanke kan, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa tsaye da karkace, ka haska tocila ta baya. Haske ya ratsa, to ya lanƙwashe. Wannan ba na gida ba ne, kai wa masu injin sharar ƙarfe, su cire kaɗan iya buƙata, su duba ko akwai tsaga. Bawul kuwa, kifa kan da fulogi a ciki, ka cika ramukan da kananzir. Bawul ɗin da ya yi yoyo, ka niƙa shi da man niƙa bawul har bakinsa ya yi zobe ɗaya mai toka-toka.

Wajen mayarwa, ari sifanar awo. Ɗaurin "na ji ya kama" shi ke kashe gasket. Fara ɗaure kusoshin kan injin daga tsakiya ka yi waje, kaɗan-kaɗan, a kan adadin da littafin motar ya faɗa. Tazarar bawul, inji na sanyi: 0.10 na milimita ga na shigar mai, 0.25 ga na hayaƙi.

Saura abin da ya jawo zafin tun farko. A garin da rana ke haura digiri 40, lagireton da ya sha ruwan rijiya shekaru yana nan cike da tsatsa da gishiri. Kai a buɗe shi a wanke, duba famfon ruwa da bel, canza murfi. Tamostat ɗin (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi) da ake cewa a jefar, ni ban yarda ba. Gwada shi cikin tafasasshen ruwa, idan bai buɗe ba sayi wani. Zuba sabon baƙin mai, sa sabuwar matata, ka sake zubar da shi bayan 'yan kwanaki, don ragowar madarar nan na cin biyarin.