Ƙanena, kada ka riƙe kuɗin fatanti saboda jita-jitar ragi

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka sau biyu, sai da gabana ya faɗi. Ka ce tunda aka naɗa Lamine Zeine Firaministan Nijar a 2023, aka kuma haɗa masa da ma'aikatar kuɗi, kowa na cewa za a rage lamho, wato haraji, shin ka dakata da biyan fatantin kantinka, wato harajin sana'a, har ka ga kamun ludayin Zeine? Don Allah kada ka dakata. Ni na taɓa dakatawa, har yau abin yana ci mini rai.

A 2010 ne, bayan sojoji sun sauke Tandja a watan Fabrairu. Kasuwar Tawa ta ɗauka cewa sabuwar gwamnati za ta yafe bashin lamho. Akwai wani mutum da ke yi mini zirga-zirgar takardu, sahu ɗaya muke sallah, ɗansa ma sunan mahaifina aka sa masa. Ya zo ya zauna bisa buhun shinkafa, ya sha shayina, ya ce: "Alhaji, kawo jika 150 in ajiye wurin mutanena, ragi na fitowa rabi kawai za ka biya." Na ƙirga na ba shi. Ban nemi resi ba, kunya ta hana ni.

Ana saura kwana 10 sallar azumi, da hantsi, ma'aikata suka zo da takarda da kwaɗo. Kanti cike da sukari da madara da dabino da na ɗauko bashi daga Kwanni. Na ce na biya, suka ce ina shaida? Na buga wa mutumin waya ya fi sau 20, a kashe. Ɗiyata ƙarama ta kawo mini saƙo daga gida, tana tsaye da kwano a hannu ana garƙame ƙofa, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Kallon da ta yi mini ne ba na mantawa. Uwargida ta sayar da tumakinta biyu kafin a buɗe, ga tara a kai, kasuwar sallah kuwa ta wuce. Shi kuma har yau muna haɗuwa wurin jana'iza, ya miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba.

Ragin kansa ni ma ina so, wa zai ƙi? Amma a 2023, bayan naɗin Zeine, wata rana a fadarmu har murya ta tashi. Masu cewa a rage suna da gaskiya, a lokacin shinkafa ta hau, Najeriya ta yanke mana wuta. Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma a ranar ya ce, iyakar Najeriya da ta Benin a rufe, duwan, wato kwastan, ba ta tara kuɗi, Turawa sun tsayar da tallafi, to albashi daga ina zai fito? Ban sami abin ce masa ba.

Kuma ku yara ba ku san 2005 ba. Shi wannan bawan Allah Zeine ne ministan kuɗi lokacin da aka ɗora TVA, harajin da ake ƙarawa kan kuɗin kaya, ta kashi 19 cikin 100 bisa fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta, a shekarar da fari da fara suka bar mu da yunwa. Sai da aka yi zanga-zanga a Yamai, aka rufe kasuwanni a watan Maris, kana aka janye wani sashe a Afrilu. Ba zaginsa nake ba, ya san aikin kuɗi, ya yi Bankin Raya Afirka a Cadi. Amma mutum ne mai neman cika baitulmali. Idan zai rage, a fara da abinci, shi ne roƙona.

Lamho ba ya sauka da maganar WhatsApp, sai an rubuta shi cikin dokar kasafin kuɗi an sa hannu. Ka tafi da ƙafarka, kada ka aiki kowa, ko ƙanen babanka ne. In kuɗin bai cika ba ka faɗa musu gaskiya, ka roƙi a raba maka biya kashi-kashi. Kowane resi ka duba hatimi, ka ɗauke shi hoto a waya. Sannan ka rage ba da sukari bashi a kwanakin nan, abin da ka sayar yau ba za ka mayar da shi a kuɗin jiya ba.

In kana nan Tawa ka biyo kanti bayan la'asar da takardunka, mu duba tare. Allah ya rufa mana asiri.