Ku Tambayi Malamin Lafiya: In Annoba Ta Ɓarke, Maganar Wa Za A Bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni bafatake ne, ina ɗaukar albasa daga Gwadabawa da Kware zuwa kudu. Lokacin korona na ga tasku. Rediyo ya ce an hana zirga-zirga tsakanin jihohi amma ban da motocin abinci, sai ka isa shinge a ce maka gwamnan jihar nan nasa umarnin daban ne. Haka albasa ta ruɓe mini a mota. Har yau abin na ci mini tuwo a ƙwarya. In annoba ta zo, wa ke da wuƙa da nama: shugaban ƙasa, gwamna, ko likitoci?
Daga wani mai karatu a Gwadabawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya mayar maka da alheri.

Ba kai kaɗai ka rikice ba, mu da ke cikin aikin ma mun rikice. Na yi shekaru ina aikin sa ido kan cututtuka a wata ƙaramar hukuma ta gabashin Sakkwato, kuma abin da zan gaya maka shi ne babu mutum ɗaya da ya riƙe wuƙar da naman gaba ɗaya.

A takarda, shugaban ƙasa ne kan gaba. Akwai dokar killace masu cuta ta 1926, tun ta zamanin Turawa, wadda ta ba shi ikon ayyana wuri a matsayin mai annoba. Da ita Shugaba Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris 2020, bayan an sami mutum na farko, wani ɗan Italiya, a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Ya kuma kafa kwamitin yaƙi da cutar ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha, da Dakta Sani Aliyu a matsayin mai tsara aikin yau da kullum. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, wadda Dakta Chikwe Ihekweazu ke jagoranta a lokacin, ita ke gwaji da ƙidayar masu cutar da ba da shawara. Shawara fa, Alhaji. Likita ba shi da ikon rufe kasuwar Illela ko hana Juma'a.

To amma wannan doka ɗin dai ta ce in shugaban ƙasa bai ɗauki mataki a wata jiha ba, gwamna na iya ɗauka. Nan gizo ke saƙar. Tun ƙarshen Maris jihohi da dama, har da tamu ƙarƙashin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, suka rufe iyakokinsu, kowace da nata sharaɗin. Sai a farkon Mayu dokar tarayya ta hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe da hana ketare jihohi ta fara aiki a faɗin ƙasa. Kai kuma motarka kafin ta kai Ibadan sai ta ratsa Kebbi da Neja da Kwara. Jiha huɗu ko biyar, doka huɗu ko biyar. Ga kuma ɗan sandan da ke bakin shinge: dokar gwamna yake tsarewa, amma kwamishinansa Abuja yake amsa wa. In takardar da ta keɓe motocin abinci ba ta iso hannunsa ba, ko ta iso ya ga dama ya manta da ita, kai ne a ciki. A ganina babban kuskuren lokacin ke nan: an yi sanarwa a talabijin, ba a bi ta har bakin shinge ba.

Irin wannan ne ya faru da almajirai. Gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da na wasu jihohi gida, aka loda yara a motoci ba tare da an gwada su duka ba, daga baya Kaduna ta sanar cewa cikin waɗanda aka kawo mata daga Kano akwai masu ɗauke da cutar. Kowane gwamna yana kare jiharsa, cutar kuwa ba ruwanta da allon "Barka da zuwa".

Yanzu bari in gaya maka ɓangaren da ba a nunawa a talabijin, wanda ni na fi sani. Umarni daga sama yake saukowa, amma labarin cuta daga ƙasa yake hawa. Kowace ɗaya daga ƙananan hukumominmu 23 tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Ma'aikacin asibitin ƙauye in ya ga abin da bai gane ba, shi yake kira. Jami'in ya hau babur ya je ya gani da idonsa, ya cike fom, ya ɗebi samfur ya sa a akwatin ƙanƙara, ya aika wa jami'in annoba na jiha a Sakkwato. Daga nan sai ɗakin kula da ayyukan gaggawa na jiha, inda ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya ta duniya WHO da UNICEF da sauran masu ruwa da tsaki ke zama, sannan Abuja. Alƙaluman da kuka riƙa ji kowane dare ta wannan hanyar suka bi. A farkon 2020 ɗakunan gwaji biyar ne kacal a ƙasar ke iya gano korona, babu ko ɗaya a yankinmu, don haka samfurin Sakkwato sai ya yi doguwar tafiya kafin a ji sakamako, mai cutar kuma yana nan yana gaisawa da jama'a. Daga baya ne aka fara gwaji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka kuma ware asibitin Amanawa don kwantar da masu cutar.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne ba ranar aka fara gina wannan tsari ba. Yaƙi da shan inna ne ya gina shi, sanƙarau na 2017 da ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Kebbi ya ƙara gwada shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matan da ke bi gida-gida ɗiga wa yara magani su suka san wane gida ne ya yi baƙo daga Kano. Tun 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan Arewa a kwamitin lafiya matakin farko, shi ya sa saƙo ke iya tashi daga fada ya bi ta hakimi da dagaci har ga mai unguwa da liman cikin kwana ɗaya. Na sha zuwa gida da rigar aiki a hana ni shiga, in dawo da mai unguwa a shimfiɗa mini tabarma. Kar ka manta mutanenmu ba su manta da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, don haka takardar gwamnati ita kaɗai ba ta buɗe ƙofa.

Inda igiyar ke tsinkewa kuwa, a ƙaramar hukuma ne. Akwai watannin da man babur ɗin zuwa binciken rahoto daga aljihuna ya fito. A sama ana taron kwamiti, a ƙasa ana neman ƙanƙarar da za a sa samfur ga shi babu wuta.

Shawarata gare ku fatake: kada ku jira annoba. Ƙungiyarku ta nemi zama da ma'aikatar lafiya da hukumar agajin gaggawa ta jiha tun yanzu, a rubuta yadda motocin abinci za su riƙa wucewa, da irin takardar da direba zai riƙe, da lambar da zai kira in an tare shi.

TAMBAYA: Malam, in na ga yara da yawa a unguwarmu sun kwanta da ciwo iri ɗaya, wa zan gaya wa? Ina tsoron a ce na tona asirin maƙwabta.
Daga wata uwa a Bodinga.

AMSA: Hajiya, ki fara da shugaban asibitin da ya fi kusa da ke, ko mai unguwa, su sun san lambar jami'in sa ido na ƙaramar hukumarku. Ba sai kin san sunan cutar ba. Ki faɗi abin da kika gani kawai: yara nawa, yaushe ya fara, amai da gudawa ne, ko ƙuraje, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Na ƙarshen nan, musamman lokacin zafi daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, kada ki bari ya kwana. Kina iya cewa a sakaya ki. In duk kin rasa wanda zai saurare ki, NCDC tana da lambar kira kyauta, 6232.