Wai mesa ka ajiye a ɗaki?

Abokina, na ji saƙonka. Ƙanwarka ce ta kunna mini shi bayan la'asar, na sa ta sake kunnawa don na zaci kunnena ne ya fara yi mini gardama. Wai ka sayi 'yar mesa ka ajiye a ɗakinka a Samaru, kana tambaya ko a da mutanen Zazzau na ajiye ta a gida, kuma wane girman abinci gardawa ke ba ta. Na yi dariya har na ƙware, da dare kuma barci ya ƙi zuwa. Mun tura ka karatu, ashe gardanci ka je koyo.

A tasowarmu ba mai kwana da maciji sai gardi, shi ma gado ya yi. Sauran jama'a in suka ga mesa a bakin Kubanni ko gindin Kufena, sanda suke nema.

A 1975, shekarar da aka naɗa Sarki Shehu Idris, gari ya cika da baƙi, ga sauran hunturu bai gama wucewa ba. Wani gardi ya sauka a zauren maƙwabcinmu, can wajen Ƙofar Doka, da yaronsa da akwatin katako. Mesarsa ta kai kaurin damtsen babban mutum. Ran nan ya tafi kasuwar Sabon Gari, mu kuwa samarin unguwa muka haɗa kwabbai muka sayo ƙaton zakara, muka lallaɓi yaron da kwabo goma ya bar mu muka jefa wa mesar. Ta naɗe zakaran, ta kama shi ta kai, muƙamuƙin dama ya ja, na hagu ya ja, fatar wuyanta ta miƙe har ana ganin tsakanin ɓawonta. Ta fi sa'a guda tana fama. Da ta gama, cikinta ya yi tulu, mu kuma don wauta muka yi ta ɗaukar ta muna ratayawa a wuya, kowa na son a ce shi ne jarumi.

Rana ta uku ta amayo zakaran nan, rabinsa ya ruɓe. Warin ya hana almajirai karatu a zauren har kwana biyu. Gardin bai daki yaron ba. Zare ya ciro daga aljihu ya zagaya tsakiyar jikinta inda ta fi kauri, ya ƙulla, ya ce duk abin da ya fi ƙarfin zaren nan ba cimarta ba ne. Ya ce a ciki ake auna mesa, don bakinta ba ya cewa a'a. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da labari ya kai masa, cewa ya yi wanda ya haɗiyi taɓarya ai ya kwana a tsaye, sannan ya sa na wanke zauren ni kaɗai. Mesar nan ta yi makonni ba ta waiwayi abinci ba, bawan Allah ya rasa wasan da ya zo yi.

Taka ɗin da ka ce tana dunƙulewa ta ɓoye kai in ta tsorata, ƙaramar iri ce, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, don haka ka manta da kaza. Ɓera mai kaurin tsakiyar jikinta ya ishe ta, tana ƙarama duk bayan kwana 5 zuwa 7, in ta girma kwana 10 zuwa 14. In ta ci ka ƙyale ta kwana biyu, ba ɗauka, ba hoto. Na san ku, abinci ma sai kun ɗauke shi a waya kafin ku yi bisimilla. Da sanyi cikinta ba ya narkar da abinci sosai, sai ka nema mata ɗumi. In ta amayar, ka jira mako biyu ka ba ta wanda bai kai na farko ba.

Kada kuma ka kamo mata ɓeran gida. Ko ya ci guba, ko ka kwaso wa kanka zazzaɓin Lasa garin neman suna. Mai rai ma kada ka bar su tare ka tafi aji, ɓera na cizon maciji ya yi masa rauni. Ga likitocin dabbobi nan a jami'arku, amma kun fi yarda da waya a kan ku taka ku gaida mai sani.

Maganar ko ya dace ka ajiye ta, wannan sai ka zo. Uwarka ta sani kuwa? Kakarka dai ta ce in gaya maka, ran Juma'a ka zo cin tuwo kai kaɗai, kuma za ta zazzage jakarka tun daga zaure.